Sai da Ya Ajiye Madubin

Dutsen farko ya faɗo ne ana cikin kiran sallar magariba. Umma tana durƙushe a tsakar gida tana tsame shinkafa, 'yarta tana kwashe shanya daga igiya, sai suka ji ƙara a kan rufin kwano, sannan wani abu ya gangaro ya faɗo kusa da bokitin ruwa. Umma ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Yaran unguwar nan sai dai Allah ya shirya." Na biyu ya zo, na uku ya biyo baya. Na huɗun bai taɓa rufi ba. Ta kan katanga ya shigo, da ƙarfi, kamar daga hannun ƙato, ya nufi rumfar da mijinta yake ajiye kayan sana'arsa.

Mijin nata yankan gilashi yake yi, kowa Mai Gilashi yake ce masa. Shagonsa ƙarami ne, saboda haka manyan gilasan taga da madubai a gida suke kwana, a jingine da bangon rumfa, an sa kwali a tsakaninsu. Umma ta runtse ido tana jiran ƙarar fashewa. Ba ta ji komai ba. Da ta buɗe, sai ta ga dutsen a tsaye a iska, tazarar yatsa biyu daga fuskar wani dogon madubi. Ya ɗan jima a haka. Sannan ya sauka ƙasa a hankali, ya zauna, kamar yadda ake ajiye ƙwai.

"Umma," in ji yarinyar, murya ƙasa-ƙasa, "kin gani?"

"Ban ga komai ba. Shiga ɗaki."

Kwana goma sha tara ke nan da Umma ta koya wa bakinta wannan amsar.

Tana da ƙane, autan gidansu, tela ne, mutum mai barkwanci wanda ba ya iya wuce kowa bai tsokane shi ba. Ran nan ya zo gaishe ta da la'asar, ya kafe babur ɗinsa a bakin ƙofa ya tare hanya, kamar yadda ya saba duk da an sha yi masa magana. Mai Gilashi ya dawo ɗauke da madubin da wata mata ta ba shi aiki, ya ce a janye babur. Auta yana dariya ya ce, "Yaya, ai ga madubi a hannunka. Dubi yadda fuskarka ta koma, ko jariri ya gani sai ya shiɗe." Maganar ke nan, babu ƙari. Ba a jima ba Auta yana kwance a ƙasa, jini yana bin kunnensa, sandar ƙarfen da ake tokare ƙofa da ita tana hannun Mai Gilashi.

Auta bai mutu ba. Bayan kwana goma sha biyu a asibiti aka mai da shi gidan Inna, mahaifiyarsu, ɓarin jikinsa na dama a mace, harshensa ya ƙi tashi. Ban da shi, Umma ce kaɗai ta ga abin da ya faru. Da 'yan sanda suka tambaye ta, ta dubi mijinta a zaune a ƙasa babu takalmi, ta tuna 'yarsu ɗaya tilo mai shekara goma sha biyar, sai ta ji bakinta yana cewa, "Ba ya cikin hayyacinsa. Idonsa ya juye, muryarsa ta canza. Akwai aljani a gidan nan, ya daɗe yana taɓa shi." Mai Gilashi ya ɗago ya dube ta, ya kama maganar da hannu bibbiyu. Ita ya faɗa wa 'yan sanda, ita ya maimaita wa lauya da maƙwabta, har ya kai idan yana faɗa hawaye yake yi. Aka ba da belinsa. Inna kuwa, bayan kwanaki, ta aiko cewa idan ba shi ne ya yi ba, ba za ta ɗaure uban jikarta ba. Ranar Litinin za ta je gaban alƙali ta ce sun yafe.

Saura mako guda cur ranar da dutsen farko ya faɗo.

Washegari da magariba duwatsun suka dawo. Suka fasa kwanon awaki na maƙwabta da ke kan katanga, suka huda bokiti, ɗaya ya sami Mai Gilashi a kafaɗa yana alwala. Amma duk wanda ya nufi rumfa sai ya tsaya, ya sauka a hankali. Da safe Umma ta ƙirga goma sha ɗaya, a jere a gaban gilasan. Ta share su ta zuba a bayan gida ba ta gaya wa kowa ba.

Rana ta uku babu dutse. Gidan ya yi tsit, irin shirun da ke sa mutum ya ji bugun jininsa a kunne. Ladan yana sauke kiran salla sai wata murya ta fito daga rumfa, a bushe, ba ta namiji ba, ba ta mace ba, ta ce, "Ba ni ba ne." Mai Gilashi ya zabura da tocila. Ya leƙa bayan kowane gilashi, ya hau katanga ya zazzagi 'ya'yan mutane, ya sauko ya yi ƙwallo da kujerar tsuguno har ƙafarta ta ɓalle. Umma tana tsaye a ƙofar ɗaki, hannunta a kan baki. Ta san ba da yaran unguwa muryar take ba.

Rana ta huɗu suka nemi yarinyar a ɗaki suka rasa. A rumfa suka same ta, a zaune ta tanƙwashe ƙafa, ta juya wa dogon madubin baya, idonta a buɗe ba ya ƙiftawa. Uban ya durƙusa a gabanta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiran sunanta ba. Ya ce, "Uwata. Uwata, tashi mu je ɗaki." Ba ta motsa ba. Da ya ɗauke ta, nauyinta ya kai na buhun siminti biyu.

Daga ranar ba ta ƙara cin komai ba. Ruwa ma idan Umma ta ɗiga mata da cokali, sai ya biyo gefen baki ya zubo. Suka kai ta asibiti, aka ɗebi jini, aka ɗaura mata ƙarin ruwa leda biyu, likita ya dudduba takardu ya ce bai ga komai ba. Suna dawowa gida leɓɓanta suka sake bushewa kamar ba a sa mata ko ɗigo ba. Umma ta daina girki, ta daina shara. Ta zauna a gefen katifa tana ƙirga numfashin 'yarta, idan ya yi jinkiri sai nata ya tsaya. Ta yi addu'ar duk da ta sani, amma duk lokacin da ta ɗaga hannu sai ta ji kunyar Wanda take roƙo.

Ranar Asabar ta ce wa mijinta, "Ka je ka kira Malam, ko ni in je."

Malam tsoho ne, ya yi shekaru yana koyarwa a makaranta kafin ya ajiye aiki, an san shi da ilimi da rashin gaggawa. Ya iso rana tana gab da faɗuwa, ya cire takalmi, ya zaga tsakar gidan sau ɗaya. Gilashin tabaransa na hagu a tsage yake. Mai Gilashi, don ya sami abin faɗa, ya ce, "Malam, da ka kawo na canza maka wannan."

"Shekara uku ina ganin duniya a tsage," in ji Malam, "kuma ban ga ta bambanta sosai ba. Ina yarinyar?"

Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da ita, uwar ta riƙe ta ta baya. Suka yi sallar magariba a nan. Da suka sallame, hasken sama ya koma toka-toka, Malam ya matso kusa da kunnen yarinyar ya fara karatu, a hankali, aya bayan aya, ba ya ɗaga murya. Ya daɗe yana yi. Umma ta ji bayan 'yarta ya ɗau zafi kamar dutsen guga, sannan ya yi sanyi ƙalau. Yarinyar ta ɗaga kai. Fuskar tata ce, amma kallon na wani ne.

"Ya isa, Malam. Ina ji. Ba kurma ba ne ni."

Muryar rumfa ce. Umma ta ce, "Innalillahi," amma ba ta saki 'yarta ba.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Maƙwabci. Na riga katangar nan zuwa wurin."

"Musulmi ne kai?"

"Tun kafin a haifi kakanka."

"To me yarinyar nan ta yi maka?"

"Babu komai. Ita kaɗai ce ma take yin sallama idan za ta shiga rumfa."

"Me ya kawo ka jikinta?"

"Ƙazafi." Kan yarinyar ya juya sannu a hankali wajen uban. "Shekara goma sha takwas ina zaune da mutumin nan. Ina ji ya farfasa kwanuka, ya ɓalle ƙofa, ya maka rediyo da bango. Ina ji ya mari wannan baiwar Allah, da safe ya ce bai san lokacin da ya yi ba. Na toshe kunnena, ba gidana ba ne, ba aurena ba ne. Ko gashin kansa ban taɓa taɓawa ba. Yanzu an ɗauki sunana an kai gaban 'yan sanda, an rubuta a takarda, jibi za a karanta wa alƙali. Ni ma akwai ranar da zan tsaya gaban Wanda ya halicce ni. Nawa laifin ya ishe ni, ba sai an ƙara mini da kan tela ba."

"Ƙarya ne!" Mai Gilashi ya miƙe tsaye. "Ko ba kai ba ne, ni dai ban san inda kaina yake ba. Zuciya ce ta ɗebe ni, idona ya rufe. Malam, ka san fushi. Mutum ba ya gani, ba ya ji."

"Malam," in ji muryar, "tambaye shi madubin."

Malam ya gyara tabaransa. "Wane madubi?"

"Wanda ya shigo da shi ranar. Ga shi can a jingine, ko ƙwarzane babu. Bari in gaya maka yadda wanda idonsa ya rufe yake yi. Telan ya faɗi maganarsa. Wannan ya karkata madubin, ya bi ta tsakanin babur da ƙofa, gefe-gefe, bai bari ya gogi bango ba. Taku goma sha ɗaya zuwa rumfa, ina ƙirgawa, don wajena ya nufo. Ya jawo kwali da ƙafa ya daidaita. Ya sauke gindin madubin tukuna, sannan ya jingine samansa. Ya ɗauko tsumma ya cusa a kusurwa. Ya ɗan taɓa da yatsa ya ji ya zauna daram. Sannan ya juya ya ɗauki ƙarfe. Taku goma sha ɗaya ya koma."

Can nesa wani yana rufe ƙofar shago.

"Shekara goma sha takwas, ko gilashin agogo bai taɓa fasawa ba. Fushinsa yana da ido, Malam. Yana zaɓe. Kan ƙanin matarsa ne bai kai madubin mutane daraja ba." Bakin yarinyar ya yi wani murmushi wanda ba nata ba. "Ko ba haka ba, jarumi? Wanda ba ya iya ɗaukar wasa, sai dai ya ɗauki ƙarfe?"

Umma ta san abin da ke zuwa tun kafin ya zo. Ta ga jijiyar goshinsa ta miƙe, ta ga leɓensa na ƙasa ya shige. Taku biyu ya yi yana kansu, hannunsa na dama a sama, a dunƙule, kai tsaye ga fuskar da maganar ta fito. Umma ta ƙwalla ƙara ta kifa kanta a kan na 'yarta.

Dukan bai sauka ba.

Da ta ɗago, hannun yana nan a sama. Ba wanda ya riƙe shi. Malam yana zaune inda yake. Mai Gilashi yana kallon busassun leɓɓan 'yarsa, da ƙasusuwan wuyanta da suka fito cikin kwana uku, yana haki kamar wanda ya yi gudu.

"Ka gani," in ji muryar, a hankali. "Yana tsayawa idan ka so."

Mai Gilashi ya sauke hannun. Ya zube a kan gwiwoyinsa.

"Yanzu me kake nema?" in ji Malam, yana duban yarinyar.

"Hannun nan. A bar mini shi ya bushe, kamar yadda na telan ya bushe. Sai in tafi."

"Ba kai ne alƙali ba. Ni ma ba ni ba ne." Malam ya gyara zama. "Ina da tambaya. Kwana uku ka hana yarinya ruwa. Da bakinka ka ce ba ta yi maka komai ba. Don me?"

"Raina ne ya ɓaci."

"Shi ma abin da ya ce ke nan."

Umma ta ji jikin 'yarta ya saki kaɗan a hannunta. Da muryar ta dawo, ta rage kaifi.

"Ka kama ni, Malam. Ban shiga jikin uban ba, don kada ƙaryarsa ta zama gaskiya. Na duba gidan, na ga inda zai fi yi masa ciwo. Ni ma zaɓa na yi."

"To ka fita. Ba a yin garkuwa da ran yarinya."

"Zan fita. Amma in ji an wanke ni tukuna, a nan, da baki. Kuma su je su gaya wa tsohuwar kafin Litinin."

"Na farkon haƙƙinka ne. Na biyun tsakaninsu da Allah. Idan sun saɓa, ka kai ƙara inda ka ce za ka tsaya, ba jikin kowa ba. Ka yi alkawari?"

"Na yi. Gidan ma na bar shi, na gaji da hayaniya." Kan yarinyar ya jingina da ƙirjin uwar. "Ita za ta fara. Bakinta ne ya fara kira na."

Umma ta gyara riƙon 'yarta. Sannan ta ce, "Na ga ya ajiye madubin. Ina tsaye a ƙofar kicin, na ga ya sa tsumma. Na san abin da zai yi, ban yi ihu ba, na ɗauka babur ɗin zai doka. Ni na ƙirƙiri maganar aljani. Ƙarya na yi. Ka yafe mini."

Mai Gilashi goshinsa yana ƙasa. Sai da Malam ya ce ya ɗaga murya kafin aka ji shi. "Ina gani. Ina ji. Tun ina tafiya rumfa nake tunanin inda ƙarfen yake. Ni na yi."

Malam ya ci gaba da karatu. Yarinyar ta sandare, ɗan yatsan ƙafarta na hagu ya yi ta rawa shi kaɗai, ta yi atishawa sau uku, sannan ta yi laushi kamar tsumma. Wata iska mai sanyi ta ratsa tsakar gidan ta haura katanga. Ana kiran sallar isha'i ta buɗe ido, idon nata ne, ta ce, "Umma, ƙishi." Ta shanye kofi uku. Umma tana riƙe da kofin tana kuka, ruwan yana zuba a kan zanenta.

Da safiyar Lahadi yarinyar ta sha shayi, ta koma barci. Umma ta ɗauko mayafinta. Mijinta yana zaune a bakin rumfa, bai runtsa ba, idonsa ja. Bai dube ta ba ya ce, "Ya tafi fa. Ya yi alkawari ba zai dawo ba. Babu wanda ya ji sai Malam, shi kuma ba ya magana." Sai ya ɗago ya dube ta. "Idan aka ɗaure ni, wa zai riƙe ku?"

Ta tsaya da mayafin a hannu. Tambayar gaskiya ce. Ta ce, "Ban sani ba." Ta yafa, ta cire sandar ƙarfen daga ƙofa ta jingine, ta fita. Sai da ta kai kwanar layi sannan ta ji takunsa a bayanta, nesa kaɗan, bai matso ba, bai kuma koma ba.

Sun tarar da Inna tana ba Auta abinci da cokali a kan kujerar roba, an tokare ɓarinsa na dama da matashin kai. Suka durƙusa. Umma ta faɗi nata, har halin da 'yarsu ta shiga, Mai Gilashi ya faɗi nasa, har kwalin, har tsumman. Inna ba ta katse su ba. Cokalin yana hannunta, ya tsaya a tsakanin kwano da bakin ɗanta.

Auta ne ya fara motsi. Ya yi ta nuni da hannun hagu har Inna ta gane, ta miƙo masa allin ɗinkinsa da murfin kwali. Ya daɗe yana fama, haruffan suna karkacewa, gumi yana tsattsafo masa. Da ya gama ya tura wa yayarsa. Abin da ya rubuta shi ne: ya jikin 'yata?

Umma ta kifa fuskarta a kan gwiwarsa, kukan da ta riƙe kwana ashirin da biyar ya ɓalle.

Inna ta ajiye cokalin a cikin kwano. Ta daɗe tana kallon surukinta, shi kuma yana kallon ƙasa.

"Ke, tashi ki goge wa ƙaninki baki tunda kin zo," ta ce. "Kai kuma, Allah ya kai mu gobe. Ka zo da wuri, ka faɗa wa alƙali kamar yadda ka faɗa mini. Ni ba zan ce na yafe ba."

Mai Gilashi ya ce, "To, Inna."